Ciyawar gaban gida ta yi sanƙo wuri-wuri: iri zan watsa ko dashe zan yi?

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin lambu. Muna da ciyawar ado a gaban gida a Kaduna, tsawonta mita 8, faɗinta mita 6, irin mai ƙananan ganye da masu sayar da furanni ke kira Bahama. Tun bayan rani ta yi sanƙo a wuri huɗu. Biyu ƙanana ne a tsakiya, kowanne bai fi taku ɗaya ba. Na uku dogo ne, daga ƙofar falo zuwa inda ake ajiye mota. Na huɗun shi ne babba, kusan mita 2 ta kowane gefe, a jikin katanga kusa da bishiyar mangwaro. An zuba taki sau biyu, ana kuma ba ta ruwa kullum da yamma. Yanzu muna farkon Yuni, ruwa ya zauna, sauran ciyawar ta yi kore shar, amma wuraren nan ko alama. Iri zan saya in watsa, ko in sayo wata ciyawar a dasa?

Mai Lambu:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ku kashe ko sisi kan iri tukuna. Ciyawar da ake kira Bahama ita ce kirikiri ɗinmu, wadda manomi ke fama da ita a gona. Tana yaɗo ta sama, tana kuma tura jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai laima sai ta yi saiwa. Ciyawa mai wannan hali in ta ga fili a gefenta da damina ta ƙi shiga, akwai abin da ya hana ta. Matuƙar ba a gano shi ba, abin da ya kashe ta farko shi zai kashe wadda za a dasa. Kuma ga dukkan alamu wuraren nan huɗu ba ciwo ɗaya ke damun su ba.

Ku sami guntun rodi ko dogon sukudireba. Washegarin ranar da aka yi ruwa, ku caka shi inda ciyawa ke da lafiya, sannan ku caka a kowane sanƙo. Ƙasa mai kyau tana karɓar santimita 15 ba tare da an danna da ƙarfi ba. Inda ya tsaya a santimita 4 ko 5, ko dai ƙasar ta daddale, ko akwai abu a binne. Sai a haƙa rami zurfin bakin shebur a duba. Abin da aka fi tararwa a gidajen birni shi ne baraguzan bulo, ko dandamalin simintin da magina suka kwaɓa a wurin aka rufe da ƙasa 'yar kaɗan, ko murfin sokawe. Ciyawar da ke kan irin wannan tana rayuwa da damina, zafin Maris da Afrilu na zuwa sai simintin ya gasa saiwar. Ku shinshina ƙasar ma. Warin man dizal ko baƙin mai na nufin sai an kwashe ƙasar santimita 15 zuwa 20 an zubar, babu takin da zai gyara ta. Daga nan ku cika ramin da ruwa. In an wayi gari yana nan kwance, wurin ba ya tsotse ruwa, saiwa ruɓewa take yi.

Ƙananan biyun nan na tsakiya, ku dubi bakinsu. In tsakiyar ta ƙone amma kewayen ya fi ko'ina duhun kore da tsawo, ƙuna ce ta takin zamani da ya taru wuri ɗaya, ko fitsarin kare ko na ragon da aka ɗaure. Gishirin ya yi yawa a tsakiya ya kashe, a gefe kuma ya zama abinci. In kuwa kun kama ciyawar bakin wurin kun ja ta ɗago kamar tabarma, babu saiwa a ƙarƙashinta, gwazarma ce ke ci. Ku yanka murabba'i mai santimita 30 ta kowane gefe ku ɗaga, za ku gan su farare a naɗe, da jan kai. Ɗaya ko biyu ba komai ba ne; in sun kai biyar zuwa goma a wannan ɗan wurin, su ne masu laifin. Ruwan wanki mai omo ko bilic da ake watsawa wuri ɗaya kullum shi ma yana yin irin wannan sanƙon.

Dogon kuwa ba sai an yi bincike ba, hanya ce, ƙafa ta daddale ta. Na gindin mangwaro ku ƙirga mana awa nawa rana ke dukan sa kai tsaye. Kirikiri na son awa 6 zuwa sama, kuma tana cikin ciyayin adon da suka fi ƙin inuwa.

Baban Khalifa:

Malam Mai Lambu ya yi maganar gano dalili, bari in ɗora da yadda ake cike wurin bayan an kawar da shi.

Sanƙon da bai wuce santimita 30 ba ba ya buƙatar dashe. A kankare matacciyar ciyawar da manjagara har ƙasa ta fito, a sassauta ƙasar zurfin santimita 5 zuwa 8, a jawo yaɗon da ke gefe a kwantar da shi ya fuskanci tsakiya, a danne kowace gaɓa da ɗan dunƙulen ƙasa ko lanƙwasasshiyar waya. Da damina mako uku zuwa huɗu ya rufe.

Wanda ya fi haka girma, dashe ake yi, kuma irin da ya fi dacewa yana cikin gidanku. Ciyawar da aka sayo daga waje sau da yawa launinta ko kaurin ganyenta ya bambanta da taku, facin ya riƙa nuna kansa har abada, ga kuma aya-aya da takan biyo cikin ƙasarta. Ku dubi inda taku ta tsallaka cikin furanni ko ta hau kan intalok, daga can za a fara ɗiba.

Gyaran ƙasa shi ne rabin aikin. A haƙe wurin santimita 15, a tsince duwatsu da baraguzai da saiwar bishiya ƙanana. A haɗa kwanon sarki biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, a cakuɗa da ƙasar wurin. Cakuɗawa nake nufi, ba shimfiɗawa a sama ba. In aka ɗora ƙasa mai laushi kan daddalalliya, saiwa za ta tsaya a iyakar su biyun ta ƙi sauka. Wuri mai murabba'in mita 4 in za a ƙara masa kaurin santimita 5, lita 200 ke nan na haɗin, wato baro uku da ɗoriya. Takin ya zama wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji ƙona dashe yake yi. Bayan an baje a jiƙa shi sosai, a bar shi kwana biyu ya zauna, a cike inda ya lotsa, a ɗora katako miƙaƙƙe daga ciyawar wannan gefe zuwa ta wancan a tabbatar sun yi daidai.

Dashen iri biyu ne. Na farko shi ne yanka-yanka da ƙasarsu: a sa wuƙa ko bakin shebur a yanko ciyawa murabba'i mai santimita 7 zuwa 10, zurfin santimita 6, ƙasa na manne da saiwar. Kada a yanko biyu kusa da juna, a bar aƙalla santimita 30 tsakani, a cike ramin da haɗin ƙasar nan, zai rufe da kansa. In aka dasa su da tazarar santimita 20, murabba'in mita ɗaya na cin guda 25, kuma yakan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida. In aka buɗa zuwa santimita 30, guda 11 sun isa, amma sai an jira wata biyu ko fiye, kuma a wannan tsakanin harkiya da tuji da gude-gude za su riga ta kama filin. Ni dai na fi son 20. Saman kowane yanki ya yi daidai da ƙasar wurin: in ya yi tudu injin yanka zai aske shi, in ya nutse ruwa zai kwanta a kansa. A taka shi da diddige har ya zauna daram, don iskar da ta rage a ƙarƙashi ita ke busar da saiwa.

Na biyu shi ne dashen yaɗo, ya fi sauƙin samu amma ya fi saurin mutuwa. A tsinko yaɗo mai tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa uku ko huɗu. A ja layuka zurfin santimita 3 zuwa 5, tazarar santimita 15, a kwantar da shi, a binne kashi biyu cikin uku, a bar ganyen ƙarshe a waje, a danne. Wanda aka binne gaba ɗaya ruɓewa yake yi, wanda aka bari a sama rana ta soye shi. A tsinka a dasa a rana ɗaya, da yamma ko ranar da ake lumshi, sauran da ke jiran layi a rufe su da jiƙaƙƙen buhu a inuwa.

Ummu Hanan:

Hajiya ta tambayi iri, bari a ba ta amsarsa. Kirikiri ta gama-gari tana da iri, ana kuma sayar da shi. Amma akwai ta aure, wato wadda aka samar ta hanyar haɗa nau'i biyu, kamar Tifway 419 da aka fitar a Tifton ta jihar Jojiya a Amurka a 1960, wadda ake sawa a filayen wasa. Wannan ba ta yin irin da zai tsiro, da yaɗo kawai ake shuka ta. In taku irin wannan ce kuka watsa irin gama-gari, facin zai fito da ganye mai kauri da launi daban. Mai faɗin ganyen nan da ake kira Sent Ogastin ita ma ba a samun irinta a kasuwa. Babban tarkon kuma shi ne fakitin da ake shigowa da shi daga Turai mai hoton fili kore. Ku karanta bayansa. In kun ga an rubuta Lolium ko Festuca, ciyawar ƙasashen sanyi ce. Tana tsirowa da sauri gwanin sha'awa, zafin bazara na zuwa ta mutu. Wanda kuke nema shi ne mai rubutun Cynodon dactylon.

In an dage sai iri: giram 5 zuwa 10 a murabba'in mita. Ƙanana ne ƙwarai, don haka a cakuɗa da busasshen yashi ninki huɗu kafin a watsa. Kada rufinsa ya wuce milimita 5, a bi da bayan manjagara a danne. Wanda aka cire wa ɓawo yana tsirowa cikin kwana 7 zuwa 14, mai ɓawo ya kan kai mako uku. Abokan gabansa biyu ne, tururuwa da ke kwashe shi da ruwan sama mai ƙarfi da ke tara shi a kwari. Shi ya sa a watan Yuni, ga ciyawa a gida, ban ga dalilin barin dashe a koma iri ba.

Maganar ruwa ita ce na fi so ku gyara. Ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum da yamma yana sa saiwa ta tsaya a sama, ganye kuma ya kwana a jiƙe, cutar ruɓa ta samu wuri. Sabon dashe ne kaɗai ke son ruwa akai-akai: kwana 10 zuwa 14 na farko kada saman ƙasar ya bushe, in ba a yi ruwan sama ba a yayyafa da safe da kuma bayan azahar, da butar ban-ruwa mai rariya, ba da bakin tiyo ba. Mako na uku sau ɗaya a rana. Daga nan a koma sau biyu ko uku a mako, da sassafe, a ba ta ta ƙoshi. Ciyawar da ta kafu tana son kimanin milimita 25 a mako, wato jarka ɗaya mai lita 25 ga kowane murabba'in mita. Filinku murabba'in mita 48 ne, lita 1,200 ke nan a mako, a Maris da Afrilu ma sai an ƙara. Makon da aka yi ruwan sama mai kyau a rufe famfo.

Taki kuma a auna shi. Lokacin gyaran ƙasa, NPK 15-15-15 giram 30 a murabba'in mita, kimanin cokalin cin abinci biyu, a cakuɗa cikin ƙasa kada ya taɓa saiwa kai tsaye. Bayan mako uku zuwa huɗu, in sabon yaɗo ya fara fita, a ba da yuriya giram 10 a murabba'in mita, cokali ɗaya a shafe. Duk filin naku bai wuce rabin kilo ba. A watsa ganye na bushe, a bi da ruwa nan take. Yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, tafin hannu ɗaya in ya zube wuri guda ya isa ya ƙona shi.

Kada kuma a bar mai feshi ya kusanci wurin. Magungunan hana ciyawa tsirowa irin pendimethalin suna hana gaɓar yaɗo yin saiwa, atrazine kuma yana cutar da kirikiri. Glyphosate ba ya bambanta ciyawar ado da ta banza. A sabon faci, hannu ne maganin ciyawa. Aya-aya a tono ta da 'ya'yanta na ƙasa, in aka tsinke ganyen kawai dawowa take yi.

Maman Sadiq:

Allah ya saka da alheri. Mun gwada. Ƙananan biyun rodi ya shige da sauƙi, babu gwazarma, kewayensu kuma kore ne mai duhu, kuma a nan ne aka ajiye kwanon taki ranar da aka zuba. A hanyar zuwa wurin ajiye mota rodi bai wuce santimita 3 ba. Gindin mangwaro rana na samun sa daga ƙarfe 11 zuwa 2, kuma akwai ginin gara a kan busasshiyar ciyawar. Yaya za a yi da shi?

Mai Lambu:

To Hajiya, magana ta fito. Ƙananan biyun ƙunar taki ce. Ku zuba wa kowanne bokiti biyu na ruwa a hankali, kwana uku a jere, gishirin ya sauka ƙasa, sannan ku jawo yaɗo kamar yadda Baban Khalifa ya ce. Kada a ƙara musu taki ko ƙwaya ɗaya.

Hanyar a fasa ta da diga ko babban cokali mai yatsu na lambu, a gyara ƙasar a dasa. Amma mutane ba za su daina bin ta ba, don ita ce mafi kusa. Ku jera falalen siminti ko na dutse, santimita 60 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, daidai takun mutum, a nutsa su su yi daidai da ƙasa yadda injin yanka zai wuce ta kai. Sai a dasa ciyawa a tsakaninsu.

Gindin mangwaro kuwa, awa uku ba za ta riƙe kirikiri ba, ko nawa aka kashe. Za ta kama, ta yi tsawo siririya, ta ɓace kafin shekara ta zagayo. Ga inuwa, ga saiwar bishiyar na shanye ruwa da taki. A sassabe rassan ƙasa har tsayin mita 2 da rabi, a rage na cikin da suka cunkushe, a sake ƙirga awannin. In sun kai shida, a dasa kirikiri. In sun tsaya a huɗu ko biyar, sai a canza zuwa Sent Ogastin ko ciyawar kafet, a raba su da kirikiri da jerin bulo da aka nutsa a ƙasa. In ba su kai huɗu ba, a haƙura da ciyawa, a kewaye wurin a zuba tsakuwa ko a sa tukwanen furannin inuwa.

Garar nan yawanci mataccen abu ta tarar take ci, ba ita ta fara kashewa ba, sai dai in ta zauna takan taɓa sabon dashe idan ya sha ƙishi. A kwashe busasshiyar ciyawa da ganyen mangwaro tsaf, kada a sa takin da ke da kara ko garin katako a ciki. In ta ci gaba, a nemi maganin gara mai lambar rajistar NAFDAC, a bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, a hana yara da kaji shiga har wurin ya bushe.

Ummu Hanan:

Ƙari kan kafet, Malam: tana jure inuwa, amma saiwarta ba ta da zurfi, ba ta jure fari. A Fatakwal ko Legas ba matsala, a Kaduna kuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu sai da ruwa a kai a kai, ga mangwaro na raba ta da shi. Wanda ba shi da rijiyar burtsatse ya zaɓi tsakuwar.

A kuma sa ido kan tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, tana son sabon tohon kirikiri da ya sha yuriya. In kun ga ganye na ƙarewa cikin kwana biyu ko uku, ku narka cokali biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita 4 na ruwa, ku zuba a murabba'in mita ɗaya da yamma. Cikin 'yan mintuna za su fito sama in suna nan. Ku ɗauraye wurin da ruwa bayan gwajin.

Baban Khalifa:

Saura yanka. A kewaye facin da igiya da turaku, kada a taka shi mako huɗu. Bayan mako biyu ku ɗan ja yanki ɗaya. In ya riƙe, saiwa ta kama. Da ganyen ya kai santimita 5 zuwa 6 a rage shi zuwa 4, kada a jira wai sai wurin ya rufe, don yankan ne ke sa kirikiri ta bar tsawo ta bazu gefe. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon a yanka ɗaya, wanda da damina yana nufin kowane mako. Wuƙar injin ta zama mai kaifi, ƙasa kuma ba a jiƙe ba, in ba haka ba tayar za ta lotsa wurin, wuƙa mai dakushi ta tumɓuke dashen. Yankan farko da na biyu almakashin lambu ya fi. Injin nan na rataya mai igiyar roba a nisanta shi da facin, shi ne ke aske ciyawa har ƙasa. Sent Ogastin in kun sa ta, tata tsawon daban ne, santimita 6 zuwa 10, in aka yi mata yankan kirikiri mutuwa za ta yi.

Lokacin da kuke ciki shi ne daidai. Ruwan Kaduna yana ɗaukewa cikin Oktoba, dashe kuma na son aƙalla mako shida zuwa takwas na girma kafin nan, don haka a gama komai kafin tsakiyar Agusta. Wanda ke Kano ko Katsina ya gama cikin Yuli. Da hunturu ya shigo dare ya yi sanyi, yaɗon kirikiri yana tsayawa ko ana ba ta ruwa, facin da bai rufe ba sai ya jira ɗumin ƙarshen Fabrairu.